Marabar Ruwa a Tuddan Kalmaru

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, lokacin da mutane da aljanu suke raba iyaka kamar maƙwabta biyu masu gona ɗaya, an yi wani sarki a ƙasar Kalmaru ana kiransa Sarki Jatau, mutum mai yalwar dukiya da sanyin hali, wanda talakawansa ba su taɓa kwana da fargabarsa ba. Ƙasarsa tana kwance ne a gindin waɗansu tuddai masu nisan tafiya amma marasa tsayi, waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu kamar shanu sun kwanta suna tuƙa. Babu wata ƙololuwa a cikinsu da za ta sa mutum ya dafe hularsa don ya ɗaga kai, tsohuwa ma takan hau su da tulu a ka ta kai sama ba ta huta ba. Gindinsu jigawa ce mai yashi inda ake noman gero da gyaɗa. Tsakiyarsu jar ƙasa ce wadda kwazazzabai suka tsattsaga, ƙirya da farar ƙaya suna riƙe da gaɓoɓinsu. Samansu kuwa fako ne shimfiɗaɗɗe na marmara da tsakuwa, wanda baƙo zai wuni yana tafiya a kai bai san yana bisa tudu ba.

A tsakiyar wannan fako akwai wani ɗan doro da ya bi tuddan tun daga farkonsu har ƙarshensu. A wani wuri bai wuce gwiwa ba, a wani wuri kuma ido ba ya gane shi sai an zuba ruwa an ga inda ya nufa. Mutanen Kalmaru suna kiransa Doro, ba su ƙara masa wani suna ba. Ruwan saman da ya sauka gabas da shi yakan gangaro ya zama ƙoramun da suke shayar da birni, wanda ya sauka yamma da shi kuwa sai ya tafi ƙasar aljanu. Tun kaka da kakanni akwai alkawari tsakanin ɓangarorin biyu, cewa duk abin da ruwan sama ya tarar a gangaren gabas na mutane ne, duk abin da ya tarar a gangaren yamma na aljanu ne, akuya ce ko mutum. Saboda haka da rani makiyaya sukan ƙetara da bisashensu, mata su je ɗiban ƙaro da tsamiya, amma da zarar hadari ya haɗu sai kowa ya kwaso ƙafa ya dawo. Wanda ruwa ya riske shi a can ba ya mutuwa. Yana nan a gangaren yana ganin mutane yana jin su, su ba sa ganinsa ba sa jinsa, kuma ba ya sake ƙetare Doro.

Sarki Jatau ya haifi 'ya'ya da dama, ƙasa ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya tun ba su yi wayo ba. Ta ƙarshe ita ce ta tsaya, shi ya sa aka sa mata suna Ayashe, shi kuwa ba ya kiranta sai da Uwata. A kan fakon nan aka haife ta, ana dawowa daga rangadin ƙarshen rani, naƙuda ta kama mahaifiyarta hadari yana bin su. Da ƙyar aka ƙetare da ita Doro, ta haihu a gindin wata adduwa 'yan taku kaɗan gabas da shi, ta cika kafin ruwan ya ɗauke. A al'adar Kalmaru inda aka binne cibiyar mutum nan ne asalinsa, kuma alkawarin ruwa yana hawa kan cibiyar kamar yadda yake hawa kan mai ita. Don haka sarki da hannunsa ya haƙa gindin adduwar ya binne cibiyar 'yarsa, ya zuba ruwan ƙwarya a kai, ya tsaya har ya ga ya gangara gabas, sannan ya yarda ya yi kukan matarsa.

Gimbiya Ayashe ta girma, ta yi kyau da hankali, har wani yarima mai suna Mazadu, ɗan sarkin wata ƙasa ta manyan duwatsu can arewa, ya zo farauta ya gan ta, ita ma ta gan shi, zance ya kai ga manya. Sarkin duwatsu ya aiko da jakadu neman aure, aka sauke su da karamci, aka ɗora su a kan dawakai aka zaga da su ƙasa. Da suka hau fako suka tsaya, sai babbansu ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, yaushe za mu isa tuddan da ake ba mu labari?" Aka ce masa ai a kansu yake tsaye. Ya yi murmushi irin na wanda ya ƙoshi, ya ce a ƙasarsu irin waɗannan kunyoyin doya ake ce musu, kuma matan fada za su sha dariya idan amarya ta fara ba da labarin tuddan gidan ubanta.

Maganar banza ce, ta mutumin da ya ci abincin mutane ya rasa abin godiya, amma ta shiga zuciyar sarki ta zauna. Ba don kansa ya damu ba. Abin da ya riƙa gani shi ne 'yarsa marainiya a gidan baƙi, mata sun kewaye ta suna kiranta 'yar kunyar doya, ba ta da uwa ko ɗan'uwa da zai rama mata. Da jakadu suka tafi sai ya tara fadawa ya ce, "Na yi nufin in gina wa Uwata dutse a bayan birnin nan, wanda za a hango shi daga tafiyar kwanaki, don in an tambaye ta ina tsaunin ƙasarku, ta sami abin nunawa." Fadawa suka ɗauka da kirari, tsofaffi suka sa albarka. Babu ko mutum ɗaya da ya ce a dakata, gama kowa a Kalmaru ya daɗe yana jin kunyar tuddan nan a ɓoye.

Yashin jigawa ba ya tsayuwa, jar ƙasar kwazazzabai kuma tana da wuyar fitarwa, saboda haka masu aiki suka nufi fako, inda ƙasa mai tsakuwa take a tare ta yi doro kamar an ajiye musu. Sarki ya yi gargaɗi ɗaya, ya ce kada wanda ya taɓa adduwar nan ko ƙasar gindinta. Suka kuwa kiyaye, ba su karya mata ko ƙaya ba, sai dai sun kwashe Doron da yake bayanta ƙarƙaf, suka bar wurin ya karkata yamma. Rani ne, babu ruwan da zai tona asirin aikin, kuma a cikin murna ba wanda ya tuna ya zuba ƙwarya ya gani. Dutse ya tashi a bayan birni ja wur, mutane suna hawa suna kallon rufin gidajensu suna tafi.

Ruwan farko ya sauko da hantsi, gimbiya tana zaune a gaban mahaifinta ana nuna musu kayan aure. Sai ta miƙe tsaye ba ta yi niyya ba, ta dubi ƙafafunta, ta ce, "Baba, wani abu yana jan ni yamma." Kuyangi suka riƙe ta, ta zame daga hannunsu kamar kifi. Dogarai suka rufe ƙofar fada, ƙofar ta buɗe da kanta. Ta bi ta cikin birni tana tafiya tana waiwaye tana kiran ubanta, shi kuma yana bin ta ba rawani ba takalmi, suka wuce jigawa, suka hau ta kwazazzabo har fako. A nan sarki ya ga ruwa yana taruwa a gindin adduwar yana kwarara yamma ta gurbin da aka kwashe, nan take ya gane abin da ya aikata. Ya miƙa hannu, yatsunsa suka taɓa gefen mayafinta, ta taka gurbin ta ɓace. Da shi ma ya bi ta, sai dai Galadima da dogarai sun danne shi a cikin taɓo yana ihu kamar ba sarki ba.

Damina ta yi ta zuba, Kalmaru tana cikin makoki. Babbar ƙoramar da take shiga birni ta ƙafe, gama ruwanta ya koma yamma, amma sarki bai ko tambayi labarinta ba. Ya ba da umarni kowane namiji ya ɗauki kwando a mayar da ƙasar inda aka ɗebo ta. Aka wuni ana kaiwa, gari ya waye aka tarar duk ta koma kan dutsen, ko tsakuwa ɗaya ba ta kwana a fako ba. Aka kira bokaye da matsafa, suka yi turare suka yi yanka, suka ci naman suka tafi. Sarki ya daina zaman fada, ya rame har zobe yana faɗuwa daga yatsansa, kullum yana zaune a gindin adduwar yana kallon gangaren da ba shi da ikon takawa.

Da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, sai ya ƙetara shi kaɗai. Ya bi gangaren yamma, ya ga ashe ya fi na gabas saurin sauka, marmara ta tsage ta yi matakala, maɓuɓɓugai suna tsatsowa daga ƙarƙashinta inda ta haɗu da yumɓu. Ya bi kwari ya fita kwari yana kiran Uwata, har muryarsa ta dishe ya koma kiranta da Ayashe, sunan da bai saba furtawa ba. A bakin wani tafki mai baƙin ruwa inda ƙoramun yamma suke haɗuwa ya faɗi, ya ce ba zai tashi ba sai mai ƙasar ya fito ko ajali ya zo. Ya yi kwanaki a nan ba ci ba sha. Ran nan da azahar sai gaɓar tafkin ta motsa, wani dattijo ya miƙe daga cikinta, jikinsa ja kamar marmara, gemunsa kamar saiwar gamji, tsayinsa ya kai na giginya. Shi ne Bargumo, sarkin aljanun yamma.

Sarki Jatau ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa wani mahaluƙi ba tun rasuwar mahaifinsa, ya ce, "Ya sarkin gangare, na zo ne a matsayin uba, na bar sarauta a gida. Ka ɗauki birnina da garkena da abin da ke cikin taskata, ka mayar mini da 'yata, ita kaɗai ƙasa ta bar mini."

Bargumo ya dube shi da tausayi, ya ce, "Ya Jatau, ba mu zo gidanka mun ɗauka ba. Kai ka karkato mana da ƙasa, ruwa ya bi ta, ya kawo mana abin da ya tarar. Alkawarin nan ya girme ni ya girme ka, ba ni da ikon kwance shi. Amma abu ɗaya ya rage maka. Ka mayar da Doro yadda yake kafin ruwan farko na baɗi. Idan ruwan ya sauka a gindin adduwa ya nufi gabas, 'yarka za ta koma. Idan ya sake nufo mu, cibiyarta ta yi saiwa a nan har abada. Kuma ka sani ƙasar nan ba za ta zauna ba sai wanda ya ce a ɗebo ta shi ya haƙa da hannunsa, ya ɗauko a kansa, ya zuba." Sai ya buɗe tafinsa, ga ɗankwalin gimbiya a ciki. Ya ce, "Ta roƙi in ba ka wannan ka yi gammo. Muddin kaya suna kanka za ku ji juna, da ka sauke shi ke nan."

Sarki ya koma gida ya miƙa wa Galadima riƙon gari, ya tuɓe alkyabba, ya ɗauki fartanya da kwando. Ya haƙi dutsen da ya gina, ya cika kwando, ya naɗe ɗankwalin ya ɗora a ka, ya ɗora kayan. Bai yi taku biyu ba sai ya ji muryarta a cikin kunnensa ƙasa-ƙasa tana cewa, "Baba, kai ne?" Ya tsaya a tsakiyar hanya da kwando a ka yana kuka, talakawa suka kau da fuska don kada su ga hawayen sarkinsu.

Haka ya shiga kai da kawowa tun fitowar rana har faɗuwarta, daga bayan birni ya ratsa jigawa inda yashi yake cinye ƙafa, ya hau ta kwazazzabo, ya miƙe a fako har gurbin, ya zuba, ya tattake, ya juyo. Yarima Mazadu ya ji labari ya baro ƙasarsu, ya zo ya faɗi gabansa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, bakin mutanenmu ne ya jawo wannan, ka bar ni ko cika kwandon in riƙa yi maka." Ya gwada, ƙasar ta zurare ta ƙasan kwandon kamar ruwa. Saboda haka ya ɗauki gorar ruwa ya riƙa bin sarki a baya, ya shayar da shi, ya cire masa ƙaya, ya ɗaure masa faso da tsumma. Mahaifin Mazadu ya aiko a kira shi ya ƙi komawa.

A kan hanyar hawa uba da 'ya suke hira. Ta gaya masa ba a cutar da ita, an ba ta ɗaki a gefen wata maɓuɓɓuga, sai dai abincinsu ba gishiri. Ta tambaye shi kuyanginta da tsohuwar akuyarta, ta tambayi Mazadu a kaikaice, ya yi mata tsiya har ta yi dariya. Tun tana ƙarama ba su taɓa samun irin wannan hira ba, gama sarauta ba ta barin uba ya zauna da ɗansa. Sannu a hankali sarki ya fara rage sauri ba tare da ya sani ba. Idan ya iso bakin gurbin sai ya tsaya da kaya a ka yana jan zance, don ya san da ya zubar shiru zai biyo baya, kuma hanyar komawa da kwando wayam ta fi masa hanyar hawa nauyi. Ba na ganin laifinsa ni kam, amma rani ba ya tsayawa jiran kowa, kwanaki suna ta wucewa.

Ita ce ta fara ganewa. Wata rana yana tsaye a fako sai ta ce, "Baba, ina jin takunka, ya ragu ƙwarai. Gawo ya fara zubar da ganye a nan wajenmu, ka san abin da hakan yake nufi. Ni ce nake riƙe ka. Daga yau ba zan ƙara magana ba sai ranar da na durƙusa a gabanka." Ya ce, "Uwata, kada ki yi mini haka, zan yi sauri." Ya roƙe ta, ya yi mata faɗa, ya sake roƙo, yana jin numfashinta amma ba ta tanka ba. Ya zubar da ƙasar ya juya da gudu-gudu, Mazadu yana bin sa bai san abin da ya faru ba.

Daga ranar nan ya yi aiki kamar wanda ake kora. Gashin kansa ya zube inda gammo yake zama, wuyansa ya sage, bayansa ya ranƙwafa har yara suka daina gane shi. Dutsen bayan birni ya yi ta raguwa, Doro ya yi ta haɗuwa daga arewa da kudu, har saura wani gurbi da bai wuce faɗin ƙofar ɗaki ba, daidai bayan adduwar. Aikin wuni biyu ne ya rage masa, ko ƙasa da haka. Amma da la'asar ɗin wannan rana iska ta juyo daga kudu mai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, gabas ta yi baƙi ƙirin, makiyaya suka riƙa ƙetarowa da gudu suna kora shanu.

Mutanen birni duk suka hauro fako suka tsaya cirko-cirko, kowa da hannu biyu amma ba mai ikon taimakawa. Sarki ya iso da kwando ya juye a gurbin, ya tara abin da ya zuba a baya da tafin hannu ya yi ɗan shinge, ya tattake. Ɗigon farko ya faɗo, sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ya taru a gindin adduwar ya yi kududdufi, ya jingina da sabuwar ƙasar, ita kuwa ba ta kama jikinta ba tukuna, ta fara zamewa yamma, tana tsagewa daga baya. Daga gabas ba yadda za a riƙe ta, sai wani ya tsaya a bayanta ya tokare ta.

Mazadu ya jefar da gora ya zabura zai tsallaka. Sarki ya cafke hannunsa da ƙarfin da ba a san yana da sauransa ba, ya ce, "Tsaya, ɗana. Ƙasar ba za ta yarda da bayanka ba. Kuma idan ka ƙetara, wa za ta tarar in ta dawo?" Ya juya ga Galadima ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida na ba Mazadu auren 'yata, kai ne waliyyinta. Ku shaida na bar mata Kalmaru." Galadima ya faɗi yana cewa, "Zaki, ka tuna alkawari, ruwa ake yi!" Sarki ya ce ya tuna. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake shingen, ya durƙusa a gangaren yamma, ya kafa yatsun ƙafarsa a cikin tsakuwa, ya jingina bayansa da ƙasar. Jama'a suka neme shi suka rasa.

Ya ji nauyin ruwan ya danno shi, ƙashin bayansa yana ƙara, taɓo yana zubo masa ta wuya. Ya cije ya riƙe. Can sai ya ji nauyin ya sassauta, ya ji sowar mutane daga ɗaya gefen, ya san kududdufin ya sami hanya ya nufi gabas. Ya ɗaga kai, sai ga Ayashe tana haurowa daga gangare a guje, ruwa yana dukanta. Ta gan shi a durƙushe a inda yake, murnar fuskarta ta mutu. Ta faɗa kansa ta rungume shi tana cewa, "Baba, me ka yi? Tashi mu tsallaka tare, taku ɗaya ne!" Ya ce, "Na sani, Uwata. Bari in dube ki." Ya kama fuskarta da hannuwansa masu kanta, ya ga ta rame, ita ma ta ga abin da kwando ya mayar da shi. Ta ce ba za ta tafi ba, ta ƙanƙame rigarsa, amma ƙafafunta suka miƙe da kansu kamar wancan karo. Rigar ta yage a hannunta, ta taka Doro ta sauka gabas. Ya ga ta juyo tana laluben iska daidai inda yake, idanunta suna wuce shi.

Da ruwa ya ɗauke Bargumo ya zo ya dafa sabuwar ƙasar da tafinsa, ta daskare ta zama marmara. Ya ɗaga sarki ya tsayar da shi, ya ce, "Akwai gida a gare ka a bakin tafki, da girma irin na sarakuna." Sarki ya gode masa, ya ce shi dai a bar shi nan kusa da Doro, inuwar adduwar tana kaiwa wannan gefen da safe, ta ishe shi.

Ƙorama ta dawo birni, gero ya yi kyau a jigawa, abin da ya rage na dutsen ruwa ya wanke shi ya koma tudu kamar sauran. Aka naɗa Ayashe sarautar Kalmaru, ta yi adalci, Mazadu ya zauna a ƙasar bai koma tasu ba. Bayan kaka aka ɗaura aurensu, aka yi biki na gani na faɗa, sarki yana zaune a bayan Doro iska tana kawo masa amon tambura.

A al'ada kafin a kai amarya ɗakinta sai an kai ta gaban mahaifinta ta nemi gafara ya yi mata nasiha. Tsofaffin mata suka ce a kai ta wurin Galadima, ta ce tana da uba. Da yamma liƙis sarki ya hango su suna haurowa, ita a gaba a lulluɓe, lalle ya kama hannunta ja. Mata suka tsaya daga nesa, ta matso ita kaɗai ta durƙusa a gindin Doro, sai dai ta kuskure wurin, ta fuskanci wani kututture da yake can gefensa na dama. Ya tashi da sauri yana ɗingishi, ya je ya zauna a gaban kututturen, ya gyara zama, ya miƙe bayansa iyakar yadda zai miƙu.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ga ni na zo. Yau za a kai ni. Ka yafe mini duk abin da na yi maka, da shirun da na yi maka a kan hanya."

Ya ce, "Na yafe miki, Uwata, duniya da lahira, ba ki taɓa yi mini komai ba." Ya share fuskarsa ya fara nasiha. Ya ce ta riƙe mijinta da mutunci don yaron kirki ne, ta riƙa cin abinci ko ba ta jin yunwa, kada ta bari maganar baƙo ta shiga ranta. Tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba, yana ganin hawayenta yana ɗiga a kan tsakuwa. Ta yi shiru gwargwadon lokacin da ta zaci ya isa uba ya gama magana, sannan ta ce, "To, Baba, na ji. Na gode." Ta miƙe, mata suka zo suka kama hannunta suka juya da ita. Shi kuwa a lokacin bai kai ko rabi ba, sai ya tashi tsaye ya ci gaba da faɗa wa bayanta sauran, yana ɗaga murya kaɗan-kaɗan, har gangare ya ɓoye ta.